Gadon da ake hura wa wuta: tafiyata arewacin Chaina a tsakiyar sanyi

Asalin tafiyar ta kasuwa ce, kayan gyaran injin niƙa da na casar masara nake sarowa a Gwanzu, amma da yake ƙanin maiɗakina yana karatun likita a Shenyang can arewa maso gabashin Chaina kuma lokacin ya faɗo a hutunsu na sanyi, sai surukata tace lallai in ƙarasa in gano mata shi da idona, ta haɗo ni da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. A watan Janairu ne. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, daga nan sai Gwanzu. A wajen jami'an shige da fice an ɗauki hoton yatsu da na fuska, kwastam suka buɗe jakata suka shinshina daddawar nan suka kalli juna, da suka tabbatar ba nama a ciki suka ce in wuce.

Harkar kasuwa ba wani sabon labari, na sauka a unguwar Shawbe inda mutanenmu suke, na zaga shagunan da na saba, na biya kuɗin kaya na bar wa ejan ɗina maganar kwantena. Abinda ya dame ni a Gwanzu sanyin ɗaki ne. A waje bai wuce digiri 10 ba, wato ba wani abin a zo a gani bane, amma sanyi ne mai danshi da yake bin ƙashi, bargon ma ka taɓa ka ji kamar an yayyafa masa ruwa, kuma cikin ɗaki da waje duk ɗaya. Masu shago da jaket suke zaune a cikin shagonsu. Na kira ƙanina nace likita, in nan haka ne to ku can ya kuke rayuwa? Yayi dariya yace Yaya ni yanzu haka da singileti nake zaune, kai dai ka sayi jaket mai gashin agwagwa da dogon wandon ciki da takalmi mai kauri ka taho. Kayan nan sun ci min wajen yuwan 600 na kuɗin Chaina, tikitin jirgi zuwa Shenyang kuma kusan 900, tafiyar awa huɗu.

Ana buɗe ƙofar fita daga filin jirgin Shenyang na ja numfashi ɗaya na ji gashin cikin hancina ya sandare. Digiri 18 ƙasa da sifili. Wayata da ke da caji sama da rabi ta ɗauke kafin mu samu tasi, ƙanina yace ai a aljihun ciki ake sa ta kusa da jiki. Otal na farko da muka shiga suka ce basa karɓar baƙin ƙasar waje, na biyu ma haka, sai yace mu haƙura mu tafi ɗakin da yake haya, da safe ya kai ni ofishin 'yan sanda na unguwa aka yi min rajista, domin dokarsu ce duk baƙon da ya sauka a gidan wani sai ya yi rajista cikin awa 24.

Gidan bene ne tsoho, ƙofar shiga an rataya mata labule mai kauri irin na bargo, kana ture shi ɗumi ya bugi fuskarka. Ɗakinsa digiri 24, babu wuta babu hayaƙi babu hita ta lantarki, sai wani ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashin taga da ruwan zafi ke bi ta cikinsa. Ruwan daga wata babbar tasha yake tahowa ta bututu a ƙarƙashin ƙasa, unguwa guda tukunya guda. A Shenyang ana kunnawa ranar 1 ga Nuwamba a kashe 31 ga Maris, a Harbin daga 20 ga Oktoba har 20 ga Afrilu, a Bejin 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, kuma kuɗin sau ɗaya ake biya a shekara gwargwadon faɗin gidanka, shi yuwan 26 ake lissafa masa kan kowane murabba'in mita. In ɗakinka ya gaza digiri 18 kana da ikon kai ƙara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin da ya sa Gwanzu babu. Tun a shekarun 1950 gwamnati ta ga makamashin ba zai ishi ƙasar duka ba, sai ta bi layin duwatsun Qinling da kogin Huai ta raba ƙasar biyu, wanda ke arewa da layin a ɗumama masa gida, wanda ke kudu ya nemi bargo. Har yau a kan wannan rabon ake, shi ya sa mutumin Shanghai yake rawar ɗari a falonsa na Harbin yana shan askirim a nasa.

Sai dai likita bai bar ni na gama yabo ba. Ya ja ni taga ya nuna min dogon bututu yana aman hayaƙi fari tas, yace Yaya yawancin wannan ɗumin kwal ne. A Oktoban 2013 ana kunna tukwanen Harbin hayaƙi ya rufe garin har aka rufe makarantu da filin jirgi, a Nuwamban 2015 Shenyang ma ta ga irinsa. Yace akwai binciken da aka fitar a 2013 da ya ce hayaƙin kwal ya rage wa mutanen arewacin layin nan shekara biyar da rabi na rayuwa idan aka gwada su da na kudu, daga baya a 2017 aka sake lissafi aka ce wajen shekara uku ne. Ko uku ɗin ne ai ba kaɗan bane. A 2017 ɗin kuma aka hana ƙauyukan kewayen Bejin da lardin Hebei ƙona kwal aka ce su koma gas, gas ɗin yayi ƙaranci a tsakiyar sanyi, mutane suka sha wuya har gwamnati ta sassauta a Disamba tace inda ba a gama haɗa gas ba a ci gaba da kwal. Ni dai a raina nace talakan ƙauye ko ina shi ake fara gwada sabuwar doka a kansa.

Washegari ya kai ni tsohuwar fadar sarakunan Manchu da ke tsakiyar garin, kuɗin shiga wajen yuwan 50. Nurhaci ne ya fara gina ta a 1625, ɗansa Hong Taiji ya ƙarasa a 1636, kafin zuriyarsu ta kama Bejin a 1644 ta mulki Chaina duka. Zaurukan sarauta da rufin tayil mai ruwan ɗorawa duk na gani na wuce, inda na tsaya shi ne ɗakin kwanan sarki da uwargidansa, Qingning. Ƙofar ba a tsakiya take ba, an kai ta gefe don iska kar ta faɗo kai tsaye kan masu zama. Kana leƙawa sai ka ga murhu da manyan tukwanen ƙarfe a cikin ɗakin sarki, sannan dakali mai faɗi ya bi bango uku, kudu da yamma da arewa. Wannan dakalin shi ne kang, cikinsa rami ne, hayaƙin murhu ke ratsa shi. Na kudu da na arewa na zama ne da kwana, na yamma kuwa a al'adar Manchu ba a zama a kai ko baƙo ne, wajen kakanni ne. Tagogi takarda ce kuma ta waje ake manna ta, saboda in ta ciki ce dusar ƙanƙara zata taru a jikin katako ta narke ta jiƙa ta. A bayan ginin bututun hayaƙi yana tsaye shi kaɗai daga ƙasa kamar hasumiya, ba a kan rufi ba, domin asalin gidajensu rufin ciyawa ne, suna tsoron tartsatsi, da can ma kututturen bishiya mai rami suke kafawa su yaɓe da laka. A 1643 a kan kang ɗin ɗakin gabas na wannan gini Hong Taiji ya mutu. Sarki guda mai runduna, amma yadda yake ɗumama bayansa haka manominsa yake yi.

Likita yana da aboki ɗan ajinsu, Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, iyayensa suna wani ƙauye a yankin Acheng kusa da Harbin, shi ya gayyace mu. Muka hau jirgin ƙasa mai gudu, yuwan 250 da 'yan kai, awa biyu da wani abu. A tasha sai an saka jaka a na'ura an laluba ka, 'yan ƙasa su ɗora katinsu ƙofa ta buɗe, mu masu fasfo mu bi layin gefe jami'i ya duba da hannu. Hanya ba abin gani sai fili fari fat da kututturen masara.

A Harbin mun yi yini ɗaya. Garin Rashawa ne suka tayar da shi lokacin da suka zo shimfiɗa layin dogo a 1898, har yanzu ga cocinsu na Sofiya ga gine-ginensu masu katanga mai kauri da taga biyu-biyu, kuma su ma da nasu salon suka zo, murhun bulo da ake ginawa a jikin bango hayaƙi ya zaga cikin bangon ya ɗumama ɗaki biyu a lokaci ɗaya. Kogin Songhua ya daskare mutane suna yawo a kai. A bakin titi na ga an baza askirim a kwali a ƙasa ana sayarwa ba firji, ga kifi a tsaye a bokiti kamar itace. Muka yi Juma'a a masallacin Daowai, muka ci miyar naman sa a gidan abincin Musulmi da ke kusa, duk inda ka ga koren allo da rubutun Larabci to ka shiga ba fargaba. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba kamar a jere suke, in ka yi sakaci biyu zasu haɗe maka.

Abokin likita ya zo da motar kawunsa ya ɗauke mu. Mun biya ta ofishin 'yan sanda na yankin don rajista, ɗan sandan ya daɗe yana juya fasfona yana tambayar Najeriya akwai dusar ƙanƙara kuwa, ya ba mu ruwan zafi a kofin takarda, ya buga hatimi. Da duhu muka shiga ƙauyen, abin auna sanyi na motar yana nuna 27 ƙasa da sifili. Kowane gida hayaƙi na tashi, ƙaurin karan masara ya cika gari. Gidan jan bulo ne mai kallon kudu, an lulluɓe tagogi da leda ta waje, gaban ƙofa ma an yi rumfar leda don iska ta tsaya a nan. Ɗakin farko da zaka shiga shi ne madafa, murhu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da ƙaton kaskon ƙarfe da aka gina shi a ciki baya cirewa, tururi ya cika ko ina har ba na ganin fuskar mai girkin. Dattijon gidan ya fito da farar hula yayi mana sallama cikakkiya, ya kama hannuna da hannu biyu, maganar farko da ya yi bayan sallama likita ya fassara min: cire takalmi ka hau kang. Haka suke tarbar baƙo, kafin ruwa kafin gaisuwa.

Bari in tsaya a kan gadon nan don shi ya fi komai tsaya min a rai. Ya cinye kusan rabin ɗakin, daga bango zuwa bango a gefen taga, tsayinsa ya ɗan haura gwiwa, faɗinsa kamar mita biyu yadda dogon mutum zai miƙe. Bakinsa katako ne da ya yi santsi don zama. Baba, haka na riƙa kiransa, ya ɗage shimfiɗar ledar da ke kai ya nuna min yaɓen laka da ƙaiƙayi, ya riƙa bin sa da yatsa yana nuna inda hanyoyin hayaƙi suka bi a ƙasa. Murhun da ke madafa bayan bango yake, in an hura wuta ana girki hayaƙin baya fita kai tsaye, sai ya shiga cikin gadon ya bi layukan bulo ya zaga ya bar zafinsa a jikin laka sannan ya fita ta bututu a ɗaya ƙarshen. Wato wutar da ta dafa abincin dare ita ce zata kwana tana ɗumama bayanka, kara ɗaya aiki biyu. A gindin bututun akwai ɗan rami da aka bari don in iska ta bugo daga sama ta faɗa nan kar ta turo hayaƙi baya. Yace a zamanin mahaifinsa da tubalin laka ake yi, shimfiɗar kuma tabarma ce ta bawon karan dawa, kuma bayan 'yan shekaru sai a fasa gadon a kwashe kunkunniya, tsofaffin tubalan da suka sha hayaƙi a farfasa a kai gona taki ne mai kyau. Ginin gwaninta yake so, in magini bai iya ba sai gefe ɗaya ya ƙona ka ɗaya ya yi sanyi, ko murhu ya riƙa mayar da hayaƙi. In kuma yaɓen ya tsage ba a lura ba to iskar nan marar wari da ke kashe mutane a barci zata cika ɗaki, shi ya sa duk kaka sai ya bi tsaga ya liƙe kafin sanyi ya shigo.

Gefen da ke kusa da murhu ya fi zafi, kuma nan ne wajen girma. Nan Baba yake zama nan yake kwana, amma ranar ya matsa ya ce ni zan zauna. Na ƙi, ya ƙi, ɗansa yace min in ban zauna ba ransa zai ɓaci. A zaman gidan kana kallo ka san waye waye: tsoho a wajen zafi, sai mai bi masa, yara da samari can ƙarshe wajen bututu inda ya fi sanyi. Aka ɗora ɗan gajeren tebur a tsakiyar gadon muka tanƙwashe ƙafa. Iya ta kawo naman rago da aka dafa da kabeji mai tsami wanda suke jiƙawa a randa tun kaka, da dankalin turawa da wata taliya mai sheƙi, da wainar garin masara da ake mannawa a jikin kaskon ta gasu a kan tururin miya, da soyayyen burodi na Musulmin can da suke yi wa baƙo da ranar sadaka. Bayan an ci aka kawo wasu 'ya'yan itace baƙi ƙirin daskararru kamar dutse, fiya ce irin mai kama da tuffa, aka zuba su a ruwan sanyi ƙanƙara ta fito ta lulluɓe su, ka fasa ka tsotse ruwan, zaƙi kamar zuma. Lokacin sanyi sau biyu suke cin abinci a yini, da hantsi da kuma kafin faɗuwar rana, don ba aikin gona kuma yinin gajere ne. Maƙwabta suka riƙa shigowa ganin baƙi baƙaƙe, kowa ya shigo sai ya cire takalmi ya hau, ana ɓarzar 'ya'yan sunfulawa ana shan shayi, wata tsohuwa ta tambayi likita wai mu ma muna jin sanyi kuwa ko fatarmu tana riƙe zafin rana.

A hirar nan na ji abubuwa. A kan kang ake haihuwa, da can sai a naɗe tabarma a baza ciyawa a haifi yaro a kai, maijego ta yi wata guda bata sauka ba bata taɓa ruwan sanyi ba, jariri kuma a sa shi a wani kwando na katako a rataye a azara saman gadon ana lilo da shi. A kai ake kumbura ƙullu, a kai ake busar da hatsi, har ƙwai ake ƙyanƙyashewa a gefen zafi a lulluɓe da bargo. Maƙwabtansu 'yan ƙabilar Han, wadda ta fi yawa a Chaina, kuwa basa bari mutum ya cika a kan kang, in sun ga alamar ajali sai su sauke shi kan katako a ƙasa. Ɗan gidan yace abin ya tsufa sosai, a 2006 masu tonon tarihi sun samu kang a Xushui ta lardin Hebei tun na daular Han ta yamma, sama da shekara 2,000 kenan, kuma nan Acheng ɗin da muke zaune ita ce babban birnin ƙabilar Jurchen da suka kafa daular Jin a 1115, jakadun da suka zo daga kudu sun rubuta cewa sarki da fadawansa a kan kang ɗaya suke zama. Koriyawa ma suna da ɗan uwansa, su daɓen ɗakin gaba ɗaya suke ɗumamawa. Wani ƙiyasi na 2004 ya ce akwai kang wajen miliyan 67 a ƙauyukan arewa, mutum miliyan 175 ke kwana a kai.

Da aka zo kwanciya aka sauko da katifu da barguna daga kan akwatin da ke ƙarshen gadon, maza a ɗakin gabas mata a na yamma da nasu kang ɗin. Kai yana bakin gado ƙafa tana wajen taga. Kafin nan mun yi alwala da ruwan ɗumi daga kaskon, Baba ya ja mu isha'i a kan gadon muna kallon yamma, goshina a kan ɗumi. Zafin wajen girman nan ba wasa bane, farkon dare juyi kawai nake, amma can tsakar dare ya daidaita, ciwon bayan da na kwaso tun daga zaman jirgi na neme shi na rasa. Da asuba bayana da ɗumi hancina da sanyi, taga ta yi furen ƙanƙara, ruwan bokitin madafa ya yi ɓawo. Wahala ɗaya ita ce banɗaki, a waje yake can ƙarshen gida, wallahi sai ka yi shawara da kanka kafin ka fita. Kuma wanda ya fi kowa shan wuyar gadon nan Iya ce. Tun da duhu na ji motsinta, na leƙa na same ta a tsugune gaban murhu ta jawo damin kara daga waje da dusar ƙanƙara a jikinsa, tana karyawa a gwiwa tana turawa, ta bi da totuwa, ta kunna ɗan fankan lantarki da ya maye gurbin zugazugi, idonta na hawaye. Mu muna kwance a ɗumi ita tana cikin sanyi da hayaƙi, safe da yamma, wata shida a shekara, tun tana amarya. Duk mai yabon kang in bai faɗi wannan ba bai faɗi gaskiya duka ba.

A zaune a gefenta na tuna ɗakin kakata a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau. Ita ma gadon ƙasa gare ta mai rami a ƙasa, in hunturu ya yi tsanani a tura itace ko garwashi a ciki, mu jikoki mu yi ta rububin kwana a bayanta, kuma duk wadda ta haihu a gidan a kansa take jego, ga wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma ga kunun kanwa. Tunanin ɗaya ne, laka tana riƙe zafi ta sake shi a hankali. Bambancin shi ne namu bashi da hanyar hayaƙi, a ɗaki yake tsayawa, shi ya sa rufin ɗakinta baƙi ƙirin kuma tari baya barinta, sannan wutar gado daban ta girki daban, itace biyu. Likita ya ƙara min da cewa tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar zafin gadon da wankan da kanwar, don haka shi baya goyon bayan a dawo da shi yadda yake. Na yarda da shi a kan maijego. Amma abin da ke ci min rai, mun watsar da gadon ƙasa don wai ƙauyanci ne bamu maye shi da komai ba, yanzu in sanyi ya zo sai a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, duk shekara sai ka ji iyali sun kwanta basu tashi ba ko gobara ta cinye gida, ga almajirai da tsofaffi suna kwana a kan siminti. Su waɗannan mutanen basu raina na kakanninsu ba, gyara shi suka yi ta yi, har yanzu akwai sabon salo da ake ɗaga gadon a kan ƙafafu don ƙasansa ma ya ba da zafi a rage kara.

Ranar da zamu tafi aka yi 'yar muhawara a kan tebur. Ɗan yana so in ya gama karatu ya saya musu fulat a cikin gari mai ruwan zafi a bututu da banɗaki a ciki, Iya tace ita ko gobe a shirye take, Baba yace shi katifar gari bata karɓar bayansa, kuma a bene waye zai turo ƙofa ya hau gado a yi hira, rabin gidajen layinsu ma an kulle matasa sun tafi kudu neman kuɗi. Suka juyo wai ni in raba, nace Baba ni baƙo ne, amma a duba wahalar Iya. Ya yi shiru ya ce to a ginin gaba za a sa tukunyar da zata riƙa tura ruwan zafi, amma kang ɗinsa ba mai fasa masa. Na yi ƙoƙarin ba su kuɗi suka ƙi sam, sai na bar musu rabin yajin surukata, su kuma suka cika mana leda da busasshen naman kaza na daji da waken suya. Mun tsaya a tsohon masallacin Acheng da aka kafa tun 1777 muka yi azahar, daga nan Harbin, likita ya koma Shenyang ni na hau jirgi zuwa Gwanzu na ƙarasa lodin kaya.

Da na dawo na samu wani tsohon magini a unguwarmu na zana masa abin a ƙasa da tsinke, murhu a waje, layukan hayaƙi, bututu a ƙarshe. Ya duba yace Alhaji wannan ai ba wuya, jan bulo ake so da laka mai kyau ba siminti ba don siminti fashewa zai yi, matsalar kawai a samu jan hayaƙin daidai, kuma sai an yi wata ƙofa da za a toshe a juya hayaƙin waje in zafi ya shigo, in ba haka ba a watan Afrilu ba mai iya kwana a ɗakin. Mun yi da shi bayan damina zamu gwada a ɗakin mahaifiyata a ƙauye, ya ce in tanadi bulo 300 da bututun ƙarfe guda biyu.